Shekarar Da Na Janyo Kawunku Sale

Na san abin da ake faɗa a gidan kakanninku na wajen uwa. Ana cewa ni na sa aka sallami Kawunku Sale daga aiki a Dubai, mutumin da ya koya mini sana'a, ya ba ni ƙanwarsa, ya kai ni can da hannunsa. Kun sha ji. Ba wanda ya taɓa tambayata a cikinku, ni ma ban taɓa buɗe baki ba. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara ƙi, gara in faɗa tun da sauran numfashi. Ban yi boko ba, ɗan rubutun nan a ajin manya na koye shi bayan na ajiye aiki, don haka kada ku nemi ado a ciki. Gaskiya ne, ni na kai maganarsa. Ban rubuta don a ce na kyauta ba. Ina so ku san yadda aka yi.

Mahaifin Sale masassaƙin kwale-kwale ne a Yauri. Sale bai tsaya a itace ba, ya gangara Legas ya koyi walda a bakin teku, inda ake facin jiragen kamun kifi. Da ya kafu ya aiko aka kai ni. Hannuna ya riƙe ya ɗora a kan ƙarfe, sai da na ƙone yatsu na gaji kafin ya ce na fara. Da hanyar Dubai ta buɗe masa ya tafi, bayan wani lokaci ya sa aka turo mini biza. Kamfanin yana ƙera jiragen ruwa yana kuma gyara su, a can wajen Jebel Ali. Na 'yan kasuwa suna zuwa, na gwamnati suna zuwa. Akan shigar da jirgi wani babban kwarmi na siminti, a rufe ƙofa, a zuƙe ruwan, jirgi ya zauna a kan gungume tsirara, duk tsatsarsa da tsagarsa a fili. Daga nan aikinmu yake farawa.

Mafi munin aikin shi ne cikin tanki. A ƙasan kowane jirgi akwai ɗakuna na ƙarfe da ake cikawa da ruwa ko mai. Ƙofarsu rami ne zagayayye, da ƙyar kafaɗa take wucewa. Ciki duhu, zafi, hayaƙin walda ba ya samun hanyar fita sai abin da fanka ta zuƙo. Ba a shiga sai mutum biyu: ɗaya a ciki da igiya ɗaure a bayansa, ɗaya a bakin rami riƙe da ɗaya bakin igiyar. Murya ba ta da amfani, ƙarar wurin ta fi ƙarfinta. Da guduma ake magana. Na sama ya buga jikin jirgi sau biyu, na ciki ya amsa sau biyu, ke nan yana lafiya. Ni da Sale haka muka yi shekaru. Ya fi ni hannu, don haka yawanci shi ne a ciki, ni a sama.

A shekarar 2016 wani ɗan Bangaladash mai suna Rafik ya mutu a tankin da ke kusa da namu. Na bakin raminsa ɗan garinsu ne, yana jin nauyinsa. Ya buga bai ji amsa ba, ya ce wataƙila hutawa yake yi. Ya sake bugawa, ya leƙa, ya kira sunansa, ya jira. Kafin a janyo shi ya riga ya tafi. Na ga fuskarsa. Aka kwashe mu a mota zuwa kam, masaukinmu na ma'aikata. Da muka sauka Sale ya kama wuyan rigata.

"Audu, ka ga abin da kunya ta yi?"

"Na gani, Yaya."

"In ka buga ban amsa ba, kada ka sake bugawa. Kada ka kira ni. Ja."

"In kana lafiya fa, na ɓata maka aiki?"

"Ko zan fito in zagi ubanka, ja. Na bakin rami ba ya shawara da na ciki. Na ciki ba ya sanin lokacin da hankalinsa ya fara tafiya. Ka ji?"

Na ce na ji. Ku riƙe wannan maganar, domin duk abin da ya biyo baya a kanta ya tsaya.

Ranar Juma'a ce kaɗai tamu. Bayan masallaci mukan tafi Abu Hail, fulat ɗin Alhaji Mamman, wani Bakano mai harkar kago. Falonsa rabi kwalaye ne na kayan mutane masu jiran kwantena, rabi kuma mu. 'Yan kasuwa, ɗalibai, wani direba ɗan Maraɗi, kowa da tabarmarsa. Ana tuƙa tuwo da miyar kuka. Alhaji Mamman yana jin sallamarmu zai ɗaga murya.

"Ga 'yan ƙarfe nan! Ku buɗe taga. Malam Sale, habibi, yau ma ba ka wanke hayaƙin ba?"

"Hayaƙin nan ne yake kai kwalayenka Apapa, Alhaji. In na bar huda ɗaya, atamfofinka kifi zai ɗaura."

"Yalla, maza a zuba masa nama kafin ya nutsar da ni."

Sale mutum ne mai raha, ni ba ni da ita. Shi yake magana a madadinmu biyu. Da la'asar mukan taka zuwa Port Saeed, bakin ruwa, inda manyan jiragen katako suke lodi. Yakan tsaya ya shafa katakon da tafin hannu, ya shinshina, ya ce da tsohonsa ya ga wannan da ya zauna nan har magariba. Can ne kaɗai nake ganin ya yi shiru.

Tarin ya fara a farkon 2019. Kowa a wurinmu yana tari, ban kula ba. Amma nasa ya ƙi tafiya. Ya fara tsayawa a tsakiyar tsani. Ya rage cin tuwo, ya bar rigimar Alhaji Mamman a rabi saboda numfashi. A lokacin an ba kamfani aikin ƙera sabon jirgi na gwamnati, irin mai janyo manyan jirage zuwa tashar ruwa, Sale ne kuma ya haɗa ƙarfen farko na ƙashin bayansa. Ya ɗauki jirgin nan kamar ɗa. Duk rayuwarsa faci yake yi wa abin da wasu suka ƙera, wannan ne na farko da ya fara tun daga ƙasa. Wata safiya a wajen alwala ya yi tari ya tofar, ya yi sauri ya kora da ruwa. Na riga na ga ja.

"Yaya."

"Dasashi ne."

"Ba dasashi ba ne."

"Kai likita ne? Bari jirgin nan ya taɓa ruwa, Nasiru ya gama karatu, sai in tafi gida da ƙafata. Ba zan koma a ce an dawo da Sale ba."

Nasiru babban ɗansa ne, kun san shi, yana shekarar ƙarshe a jami'a a lokacin. Na bar maganar. Amma ni ne a bakin rami, guduma kuwa ba ta iya ƙarya. Da, kafin in sauke hannu amsarsa ta iso, tau tau, har sai na ji a tafin ƙafata. Sai ta fara jinkiri. Sai ta fara zuwa a raunane, ta biyun kamar an saki gudumar ta faɗi da kanta. Ba wanda yake jin wannan sai ni. A waje yana tafiya a miƙe, yana gaisawa da foman, shugaban aikinmu, da dariya.

Ana tsakiyar zafi abin ya faru, irin zafin da ƙarfe yake ƙona mutum ta cikin safar hannu. Yana cikin tankin sabon jirgin. Na buga sau biyu. Shiru. Ban sake bugawa ba. Na yi ihu, mutum biyu suka kama mini, muka ja. Ya fito kamar buhu, leɓensa ya canza launi. Aka zuba masa ruwa, aka sa masa iska a hanci, ya buɗe ido. Kafin foman ya iso, wani Ba'indiye mai yawan sauri, Sale ya riga ya zauna ya gyara hularsa. Ya ce masa santsi ne ya kwashe shi, gudumar ta suɓuce, ɗan'uwansa ne mai tsoro. Ya yi dariya. Foman ya duba na'urar gwada iska ya ga ba komai, ya ce shuwayya shuwayya, wato a bi a hankali, ya huta yau, gobe a ci gaba. Kalas, shi ke nan. Aka watse.

A ɗaki ya rufe ƙofa.

"Ka ja, ka kyauta. Maganar ta ƙare nan. Rantse mini."

"Ba zan rantse ba."

"Audu, ni nake magana."

"Na sani. Gobe kada ka shiga. Ka ce a ba ka aikin sama."

"In na nemi aikin sama za su tambayi dalili. In sun tambaya, likita. In likita ya haska ƙirjin nan, ka san sauran."

Na san sauran. Wanda ƙirjinsa ya lalace ba a barinsa a wannan aiki, wanda ba shi da aiki kuma ba shi da biza. Washegari ya shiga. Na tsaya a sama da igiyarsa a hannuna, ina bugawa fiye da ƙa'ida, har ya aiko mini da zagi ta bakin wani. Haka muka ƙarasa makon.

Na kira uwarku na gaya mata. Na ɗauka za ta ce in cece shi. Ina jin motsinku a tsakar gida lokacin da ta amsa.

"Malam, ya fi ka sanin jikinsa."

"Bai sani ba."

"Shi ya riƙe mu bayan Baba. Bai taɓa roƙon kowa komai ba, sai wannan. Kada ka tona masa asiri. In ka yi, da wane ido zan shiga gidanmu?"

"In ya mutu a tanki fa?"

"Kwana na Allah ne."

Na ce haka ne, amma igiya a hannuna take. Ta fashe da kuka ta kashe wayar. Kada ku ga laifinta. Ba ta taɓa ganin bakin tanki ba, ba ta ga fuskar Rafik ba. Ita yayanta ta sani, mai ɗaukar buhu biyu a kafaɗa.

Ranar Juma'a Sale ya ce ba zai je Abu Hail ba, ya gaji. Na tafi ni kaɗai. Na ja Alhaji Mamman zuwa tsakanin kwalaye na gaya masa. Ya cire hula ya shafa kai.

"Malam Audu, a nan ƙasar ba a taɓa bizar mutum. Ka ci masa mutunci, ka mare shi, za a sasanta. Amma biza? Kowa a falon nan akwai abin da yake ɓoyewa don kada a mai da shi gida. In ka yi haka, wa zai sake yin tari a gabanka?"

"To in bar shi?"

"Ban ce ba. Na ce ka san abin da za ka saya."

Na sani. Da aka koma aiki ban tafi wurin jirgi ba, na tafi ofishin mai kula da lafiyar ma'aikata. Turancina na ƙarfe ne, ba na ofis ba. Na nuna ƙirjina, na yi tari, na nuna ja a jikin wani kwali, na faɗi sunan Sale. Ya gane. Kafin azahar an zo an kira shi daga bakin tsani, yana riƙe da hular walda. Ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya. Ban sunkuyar da kai ba.

Likita ya ce hayaƙi da ƙurar ƙarfe sun cinye huhun, abin ya daɗe, ba ya komawa. Kamfani ya ba shi haƙƙinsa da magani da tikiti. Kwanakin da suka rage muna ɗaki ɗaya, gadonsa a ƙasa nawa a sama, bai ce mini uffan ba. In na ajiye masa shayi sai ya huce a inda yake. Ranar tafiya na bi shi filin jirgi ba tare da ya kira ni ba. Na miƙa hannu zan ɗauki jakarsa, ya janye.

"Ni na kawo ka ƙasar nan."

"Kai ne, Yaya. Kai kuma ka ce in ja."

"A tanki na ce."

"Ni ban ga ka fito ba."

Ya ɗaga jakar da kansa. Na ga yadda ta rinjaye shi, ya tsaya, ya sake ɗagawa. Na bar shi. Ya shige bai waiwayo ba.

Abin da Alhaji Mamman ya faɗa ya tabbata. Ba wanda ya kore ni daga Abu Hail, ana zuba mini tuwo kamar da. Amma in na yi sallama hira takan sauka, mai tari yakan fita waje. Ba a sake cewa a buɗe taga ba. Daga baya na daina zuwa, nakan tafi Port Saeed in zauna in kalli katako. Uwarku ta yi watanni in na kira sai ta miƙa muku wayar. Kun tuna, kuna ta ba ni labarin makaranta, ina jin tana wanke kwanon da ta riga ta wanke. Aka haɗa ni da wani ɗan Nepal, ni a ciki shi a sama. Yaron kirki ne a aiki, amma bugunsa ban taɓa sabawa da shi ba. Jirgin Sale ya taɓa ruwa a ƙarshen shekarar. Manya suka zo da fararen riguna, aka yi tafi, aka raba lemo. Na tsaya a baya ina kallon layin ɗinkin waldarsa yana nutsewa a hankali har ruwa ya rufe shi.

Sai korona ta zo. Aka rufe hanya, aka rufe mu a kam. Mutane suka mutu, waɗansu na sani. Akan binne su a can bayan gari, ba uwa ba ɗa, mutane kaɗan sanye da farar leda. Wasu sun ce mini, ka ga, da Sale yana nan da wannan ƙirjin da shi ne na farko. Ba na kafa hujja da wannan. Lokacin da na shiga ofishin nan ban san korona za ta zo ba. Abin da na sani shi ne na buga ban ji amsa ba.

Na dawo gida a 2021, gwiwa ta gama. Kwana na farko na huta, na biyu na tafi gidansa. Matarsa ta amsa gaisuwata daga nesa, ta ce yana barci. Ina jin tarinsa daga tsakar gida. Na je ƙofar ɗakin, ta kwano ce. Na lanƙwasa yatsa na buga sau biyu. Na jira. Ba amsa. Matarsa ta ce, Malam Audu, ka bari sai wani lokaci. Ban sake bugawa ba. Na tura ƙofar na shiga.

Yana kwance ya fuskanci bango. Rabinsa ya rage. Wata jikarsa, 'yar da aka haifa bayan dawowarsa, ta bar masa takalminta ɗaya a kan gado. Na zauna a ƙasa.

"Har yanzu ba ka iya jira ba," ya ce.

"Ba ka koya mini ba."

Ya fara dariya, tari ya ƙwace ta. Na jira ya lafa. Bai juyo ba.

"Jirgin ya sauka?"

"Ya sauka."

"Ya yi yoyo?"

"Ko ɗigo."

Na ɗauka barci ya yi. Can ya ce, "Nawa ne ƙasan. Duka." Na ce na sani, ni ne a sama. Iyakar maganarmu ke nan. Bai ce ya yafe ba, ban nema ba. Na ci gaba da zuwa, wani lokaci in zauna har a kira salla ba wanda ya ce komai. Bai taɓa cewa in zo ba, bai taɓa cewa in tafi ba.

Ya rasu da damina, da hantsi, kansa a cinyar Nasiru, uwarku tana riƙe da ƙafarsa. Ya ga Nasiru ya gama karatu. Ya yi wa jikarsa huɗuba da bakinsa. Garin Yauri ya fito, har tsofaffin masassaƙa abokan mahaifinsa, masu dogara sanda. A maƙabarta, da aka zo sa shi, na cire takalmi zan sauka in karɓe shi. Nasiru ya sa hannu a ƙirjina.

"Baba Audu, mun isa."

Ban ja da shi ba. Ubansa ne. Na mai da takalmina. 'Ya'yansa suka sauka suka karɓe shi, suka kwantar da shi kusa da tsohonsa, a ƙasar da ya sani.

Abin da nake so daga gare ku kaɗan ne. Ku riƙa zuwa gidan nan. Ku gai da Nasiru a matsayin yayanku. In an sake faɗin maganar a gabanku kada ku tsaya kare ni, abin da suka rasa ya fi abin da aka faɗa a kaina. Uwarku ta daina yi mini maganar, ban sani ba ko ta huce ne ko ta gaji, ban kuma tambaye ta ba.

Ranar nan a maƙabarta, har aka jera itace aka fara zuba ƙasa, ban matsa daga gefen kabarin ba. A sama na tsaya, inda ya ajiye ni tun farko. Hannuna ne kawai ba komai a ciki. Allah Ya jiƙan Yaya Sale, Ya yalwata masa inda yake kwance.